Na Sha Maganin Matata

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyaye da 'yan'uwa. Ni ne Bitrus mai walda. Kafin in miƙe sai da na nemi izinin matata, domin labarin nan rabinsa nata ne. Ta ce, "Faɗa, Baban Godiya, na gaji da ɓoyo."

Ina da cutar ƙanjamau. Na ga wasu suna gyara zama. Ku gyara da kyau, ban gama ba.

Ni na kawo ta gida, lokacin da nake aiki a Rijau ina sheƙe ayata. Da matata ta sami ciki na biyu ta je awo, aka gwada ta, aka gani. Aka ɗora ta kan magani, aka ce ta zo da maigida. Na ce Allah ya kiyaye. Ni Bitrus in zauna a layi cikin mata masu goyo? Rabin ƙofofin Kontagora ni na haɗa su, har bencin wurin karɓar maganin aikin hannuna ne. Na je wani gari a ɓoye na yi gwaji, na tabbatar, na dawo na yi gum.

Sai na yi dabarar wawa. Na ce ai cuta ɗaya, magani ɗaya. Kullum da safe in buɗe kwalbarta, in haɗiye ƙwaya ɗaya, in hau babur. Maganin wata guda ya riƙa ƙarewa a sati biyu. Ban taɓa tambayar yadda take yi da sauran kwanakin ba, don ba na son in sani.

Da aka auna jininta, cutar ta ƙaru. Nas ta yi mata faɗa: "Baiwar Allah, kina wasa da magani. So kike jaririn nan ya ɗauka?" Ta shanye, don ta rufa mini asiri.

Wata safiya na fita, na manta tabarau na walda, na dawo. Na same ta a durƙushe a ɗaki, ba ta ji shigowata ba. Tana cewa, "Ya Uba, ƙwaya ɗaya ta rage. Ka nuna mini wanda zan ba, uban ko ɗan da ke cikina."

'Yan'uwa, na zube kusa da ita ina kuka. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini. Ɓarawo ne ni, ran matata da na ɗana nake sata don kada a gan ni a layi. Ka cire mini girman kan nan." Da hannuna na ba ta ƙwayar, na ba ta ruwa.

Ran nan na ɗauke ta a babur muka shiga asibiti ta babbar ƙofa. Na faɗa wa nas gaskiya, na sha nawa faɗan, aka buɗe mini kati da sunana.

Surutu kuwa an yi. Mutum biyu suka kwashe aikinsu daga shagona. Su je, ƙarfe bai ƙare a garin nan ba. Wani ma cewa ya yi in da bangaskiya me zan yi da ƙwaya. Na ce masa kai ma kana roƙon abincin yau, amma ban ga ka daina zuwa gona ba.

Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Bayan ta haihu, shekara ɗaya da rabi ina kallon yaron nan ina tunanin kwanakin da na hana uwarsa magani. Satin da ya wuce aka yi masa gwajin ƙarshe. Ga shi can a bayanta yana cin ƙosai. Ba shi da ita. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Allah da bai saka mini daidai da aikina ba. Zumuntar maza, da ku nake. Ku dogara ga Yesu, ku je ku karɓi naku maganin da sunanku. Gobe ina da layi. Wanda kunya ke damunsa ya zo ya tsaya a bayana, kafaɗata na da faɗi. Amin.