Ku Mayar da Katin Ranar Kasuwa

Shugaban taro Malam Abdulbaƙi, shugaban ƙungiyar masu wasan yaƙi na kan tebur Mesiye Roger, malamai da iyaye, baƙin da suka taso tun daga Marwa da Yagoua, da ku 'ya'yana abokan marigayi, assalamu alaikum.

Sunana Hawa'u, ni ce mahaifiyar Hanzala, wanda kuka buga hotonsa a jikin kwalin wasan nan. Na gode da kuka tuna da ni, na gode da kujerar gaba. Ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, don haka yadda abin yake a raina, haka zan faɗe shi.

Na farko, na san wasan nan kafin ku san shi. A tsakar gidana aka zana taswirarsa, da marafan kwalba aka yi sojojinsa. Ranar da na fara ganin katuna a hannun autana na ɗauka caca ce, har na ɗauko muciya. Ya yi dariya ya ce, "Inna, zauna ki gani. Da can sa'a ce kawai, yanzu katin da ka jawo shi zai gaya maka abin da za ka iya yi, da abin da ya fi ƙarfinka." Ku da kanku kun ce daga nan wasanku ya canza, har a wasu garuruwa aka daina yin sa ba kati.

Na biyu shi ne abin da ya tayar da ni tsaye. Katuna sittin ya bari. Jiya na buɗe kwalin da kuka aiko mini, na ƙirga, na sake ƙirgawa, hamsin da tara. Katin harin kwanton ɓauna yana nan, katin nakiya yana nan. Wanda babu shi ne katin ranar kasuwa, wanda duk ya jawo shi, dole kowa ya ajiye makami zagaye guda, masu tallan albasa da masu jakuna su wuce. Na tambayi Mesiye Roger, ya ce mini, "Mama, yana jawo jinkiri a gasa."

Jinkiri! A motar 'yan kasuwa ɗana yake, a hanyar Mora, ranar kasuwa, motar ta taka nakiya. Babu wanda ya yi masa jinkirin zagaye guda. Waɗanda suka binne nakiyar ba su san shi ba, ba su taɓa cin tuwon gidanmu ba. Ku kun san shi, ku kun ci, kuma ku ne kuka bar katin da ya kashe shi, kuka cire wanda da an bi shi, da ya cece shi.

Ga katin nan, na asali, a ƙarƙashin matashinsa na same shi. Matar nan mai tire a ka, ni ce ya zana, har da tabon goshina. Zan ajiye shi a kan teburinku. Ko ku mayar da shi kafin a raba katuna yau, ko ku cire hoton ɗana daga kwalin, in koma gida da duka biyun.

Allah ya jiƙan Hanzala da waɗanda suke tare da shi a motar. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya mayar da kowa gaban mahaifiyarsa lafiya. Mesiye Roger, ba zan zauna ba sai ka miƙo hannu. Na gode.