Na Goge Muryar Babanmu a Kasuwar Rano

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habibu, daga Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya.

Da na sayar da gyaɗata sai na sayi tabilet a kasuwar Rano, amma rowa ta hana ni sayen memori. Na zare na cikin 'yar wayar Innarmu ba da saninta ba, na kai wa mai tura fina-finai. Ya ce, "Wannan a cike yake, in goge?" Ko dubawa ban yi ba na ce ya goge.

Ashe tafsirin marigayi Babanmu ne a ciki, wanda ƙanwata ta ɗauka a azuminsa na ƙarshe. Shi Inna take kunnawa in tana tsince shinkafa. Washegari ta ce, "Habibu, duba mini wayar nan, Malam ya yi shiru." Na ce mata wayar ce ta lalace.

Jama'a, mai sayen tabilet ya haɗa da memorinsa, kuma kada ya ce a goge abin da bai saurara ba.

Ku ba ni shawara, ta yaya zan faɗa mata gaskiya? Har yau kullum sai ta ba ni wayar in kai caji, wai ko Malam zai dawo.