Rana Ta Bakwai Ba Ta Ƙare Ba

A layin burodi a Alƙahira, Barsum ya leƙa littafin da dattijon gabansa ke karantawa.

"Baba, wai duniya ta yi shekaru biliyoyi? Mu a coci an ce mana cikin kwana shida aka halicce ta."

"Ranar Ubangiji ba irin tamu ba ce, ɗana. Kowace ɗaya dogon zamani ce."

"Har ta bakwai, wadda Ya huta?"

"Har ita. A cikinta ma muke yanzu."

Barsum ya kama hannunsa. "Don Allah zo ka faɗa wa matata. Kullum malalaci take ce min, ashe ibada nake yi."

"Shi fa sai da Ya gama aiki tukuna."

"Wannan ba sai ta ji ba, Baba."