Jitar da ke Ƙarƙashin Gadon Japhet

Leah: Halo? Halo! Japhet?

Japhet: Halo, wa ke magana? Ban san lambar nan ba.

Leah: Yau ga abin mamaki. Matar yayanka guda ba ka gane muryarta ba? Leah ce, daga Ribah.

Japhet: A'a! Matata ta kaina! Ina wuni?

Leah: Lafiya lau, mijina maƙetaci. Ina gajiya?

Japhet: Ba gajiya. Ya mutanen Ribah? Ya ɗiyata Peculiar?

Leah: Kowa lafiya. Ya matarka Hannah? Ya hannun naka?

Japhet: Hannah ta tafi niƙa. Hannu kuwa yana nan yadda kika san shi. Kun gama yankan dawa?

Leah: Saura ta bakin rafi. Ku fa a Zuru?

Japhet: Mun kai rumbu tun makon jiya, mun gode wa Ubangiji. Kin sayi waya ke nan ba labari?

Leah: Ina na ga ta waya? Ta maƙwabcinmu Hamma ce na aro. Sai da na hau tudun bayan makaranta kafin ta kama. Kuma bari in gaya maka tun yanzu, wayar nan kunnenta ya...

Japhet: Ina jin ki sarai, ci gaba. Ya Fasto? Ya zumuntar mata?

Leah: Suna gaishe ka. Fasto ma jiya sai da ya tambaye ni kai. Japhet, Mika ya dawo.

Japhet: Wane Mika?

Leah: Mika mai babur, wanda muka aiko sau biyu ya ɗauko jita. Sau biyu yana dawowa da igiyarsa a naɗe.

Japhet: Af! Wai ya zo? Ai na je Sakaba gaisuwa.

Leah: Zuwan farko ke nan. Na biyun fa?

Japhet: Na biyun... Halo? Layin nan yana yankewa.

Leah: Layi lafiyarsa lau. Ranar Lahadi ce godiyar kaka. Kai da bakinka ka tashi a cocinmu ranar Ista, ka ce ka ba matasa jita da amfilifaya da wayoyinsu duka. Mata suka yi guɗa, Fasto ya ɗora maka hannu a ka. Har yau Peculiar na koyo da wata tsohuwar jitar aro mai tsirkiya huɗu, ga shi ita za ta ja waƙa.

Japhet: Ban ce na fasa ba. Hanyar ce nake tunani, Leah. Kin san ramukan da ke tsakanin nan da Ribah. Amfilifayar nan ba ta son girgiza. A ɗaure ta a bayan babur kamar buhun masara?

Leah: Mika ya zo da katifa don ita.

Japhet: Ga kuma janaretan cocinku. Wutarsa hawa take tana sauka, rana ɗaya zai ƙone ta. Irin wannan ko a Kaduna ba ki samu, balle mai gyaranta. Sannan matasan yanzu, da hannun miya za su...

Leah: Japhet.

Japhet: Na'am.

Leah: Na haɗu da Hannah a kasuwar Zuru.

Japhet: To.

Leah: Ta ce ba Sakabar da ka je. Ta ce da ka ji ƙarar babur ɗin Mika sai ka zaga bayan rumbu ka tsuguna, har sai da ya sha ruwa ya tafi. Tsohon soja, mai igiya uku, a bayan rumbu tare da kaji!

Japhet: Kai, Hannah! Bakinta ba ya riƙe komai.

Leah: Ƙarya ta yi?

Japhet: Ba ta yi ba. Ƙafata har sai da ta yi tsami a wurin. Ina tsugune ina jin Mika yana cewa a gaishe ni, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Leah: To me ya yi zafi haka? Yaushe rabon da ka kaɗa ta?

Japhet: Kin san yatsun nan biyu ba su lanƙwasa tun da muka dawo daga Saliyo.

Leah: Shekara tara ke nan.

Japhet: Shekara tara. Amma ba a yashe take ba, kada ki ɗauka haka. Kowace Asabar ina jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. In shimfiɗa bargo, in kwance tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, in goge ƙarafunan da man keken ɗinki, in mayar. Amfilifayar in kunna ta ta yi ɗumi, in kashe. Har ɗan abin da ake takawa da ƙafa ina buɗewa in hure ƙura.

Leah: Kamar bindiga.

Japhet: Haka aka koya mana kula da kaya, ban san wata hanya ba. Ki zo ki ga yadda take sheƙi, ko ƙwarzane ɗaya babu.

Leah: Tana sheƙi a ƙarƙashin gado, ɓeraye suna yabawa. Yayanka Michael da ya bar maka ita, don ka yi ta shafa mata mai ya bar maka?

Japhet: Michael...

Leah: Halo? Kana nan?

Japhet: Ina nan. Leah, kina zaune ko tsaye?

Leah: A kan dutse nake, rana tana dukana. Yi magana, katin Hamma ne ke tafiya.

Japhet: Ba ni ya bar wa ba.

Leah: Ina jin ka.

Japhet: A Firitawun, can Saliyo, ya saye ta, wata uku kafin a harbe shi. Da yamma in ba mu kan aiki sai ya yi ta kaɗawa, yaran bataliya su kewaye shi. Ranar da na je ganinsa a tantin asibiti ya kama rigata, ya ce, "Ka kai wa Peculiar. In ta girma ta koya." Haka ya faɗa, ba abin da na ƙara. Na iso da ita har ƙofar gidanku, na ga makoki ya cika, na ce bari a kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata. Da mutane suka fara tambaya, sai na ji bakina yana cewa ni ya bar wa.

Leah: Uhm.

Japhet: In na buɗe akwatin nan ƙamshinsa nake ji, Leah. Maratayin har yanzu da shatin gumin kafaɗarsa. Na ce in ta bar ɗakin nan, shi ke nan, ba sauran abin yayana a hannuna. Ranar Ista da na ga yarinyar tana fama da waccan mai tsirkiya huɗu, zuciyata ta karye, na miƙe na yi alkawari. Amma dubi yadda na yi shi! Na yi kyauta da kayan marainiya, a gaban idonta, aka yi mini guɗa. Har ta zo ta durƙusa ta yi mini godiya, ni kuma na tsaya na karɓa. Kunyar wannan ba ta barina in haɗa ido da kowa daga Ribah, shi ya sa na gudu daga Mika.

Leah: Ka gama?

Japhet: Ki zage ni, na cancanta.

Leah: Wasiƙarsa ta ƙarshe tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Ya rubuta cewa ya saya wa ɗiyarsa jita, har ya sa sunanta da biro a cikin murfin akwatin.

Japhet: Kin sani? Duk shekarun nan?

Leah: Tun kafin ka sauka daga mota na sani.

Japhet: Ba ki taɓa cewa komai ba!

Leah: Na ga yadda ka dawo, kana firgita in an rufe ƙofa da ƙarfi. Na ce a bar maka, wata rana da kanka za ka kawo. Ban zaci za ka kai shekara tara ba, gaskiya. Raina ya ɓaci ranar Ista, ba zan ɓoye maka ba. Ban yi guɗar ba, in ka lura.

Japhet: Na lura. Leah, sunan nan... na manna hoton kalanda a kansa.

Leah: Sai ka ɓare.

Japhet: Yau zan ɓare. Ki ce wa Mika kada ya wahalar da kansa. Asabar ni zan hau bayansa... a'a, mota zan nema, in rungume amfilifayar a cinyata. Ranar Lahadi kuma zan tashi a inda na tashi wancan karon, in faɗi ko ta wace ce. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki gaya wa yarinyar tukuna. Bari in shirya yadda zan faɗa mata.

Leah: Ai tun farko na so in gaya maka, ka katse ni. Wayar Hamma kunnenta ya lalace, sai ta sifika ake ji. Ni kuma ban iya latsa lamba ba, Peculiar ce ta latsa mini. Ita ke riƙe da wayar.

Japhet: Yesu! Tun ɗazu?

Leah: Tun kafin maganar yankan dawa.

Japhet: Wayyo, Leah, kin kashe ni. Kuka take? Kada ki ba ta, ban san abin da zan...

Peculiar: Baba Japhet, ina wuni?

Japhet: La... lafiya lau, ɗiyata. Peculiar, ni...

Peculiar: Baba, in za ka zo, ka taho da man keken da bargon. Ban san yadda ake goge ta ba, sai ka nuna mini.

Japhet: Zan taho da su. Ki saurara, ɗiyata, babanki ya ce in gaya miki... Halo? Peculiar? Halo!