Ayar da Mama Ta Ƙarasa

Barka da war haka, mai gabatarwa. Sunana Rifkatu, daga Madaki a nan Gombe.

Mamata ba ta iya karatu ba. Amma tun muna yara, kowace safiya kafin ta ɗora kaskon ƙosai, sai ɗayanmu ya karanta mata Maganar Allah, ta yi ta maimaita ayar tana suya. Wanda ya ƙi tashi kuwa, ruwan sanyi ne rabonsa.

Bana shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, magana ta ɗauke. Ko sunana ba ta iya kira. Ranar Lahadi ina gefen gadonta ina karanta mata, a tsakiyar aya kuka ya ci ƙarfina. Sai na ji murya ta ɗauka daga inda na tsaya, har ƙarshe, ba gargada. Daga ni sai ita a ɗakin! Na ce, "Mama, ke ce?" Ta dube ni kawai.

Ina gaida matan zumunta na cocinmu, ku taya ni addu'a. Ciwo ya kwashe mata komai, ya bar abin da ta tara kowace safiya. Ni in ranata ta zo, me za a tarar a bakina?