Tumbin da Ba Hatsi Ya Yi Shi Ba

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Bawa, mutumin Dogondutsi. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban kuma iya doguwar magana ba. Abin da ya same ni zan faɗa.

A da ni yaron kamiyo ne, babbar motar kaya. Na sha giya, na bi mata, a kan hanya na kwaso sida, ciwon ƙanjamau. Matata Rahila kaɗai ta sani, sai likita. Ita Allah ya tsare ta.

Na fara shan magani, na tashi daga tabarma, na tuba, na shigo wannan majami'a ta Bobiyel. Bayan wasu shekaru jikina ya soma canzawa. Kumatu suka faɗa. Hannuwa da ƙafafu suka koma kamar kara, jijiyoyi duk a waje. Ciki kuwa sai fitowa yake, ga tozo a bayan wuya irin na bijimi.

Kun tuna shekarar farin nan, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Taimakon hatsi ya zo majami'a. Dattawa suka ba ni lakilen mangaza, wato mabuɗin ɗakin ajiya, ni ke auna wa mutane da tiya, Kirista da Musulmi.

Kowa na ramewa, mai lakile na ajiye tumbi. Ku da kanku me za ku ce?

A cikin layi wata tsohuwa ta tambaye ni cikin wata nawa ne, ta ce kar in manta da ita ranar suna. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya maganar ta daina zama wasa. Aka fara cewa buhunan da ba su kai ga jama'a ba suna nan ƙarƙashin rigata. Rahila ta dawo daga zumuntar mata ta ce ba wadda ta zauna kusa da ita.

Na san maganin ne, likita ya taɓa gaya mini yana yi wa wasu haka. Amma in na ambaci magani, dole in ambaci ciwo. Na ga gara a kira ni ɓarawo da a kira ni mai sida. Sai na daina sha, ko cikin zai koma. Rahila ma ban gaya mata ba.

Cikin bai koma ba. Zawo ne ya zo, da zazzaɓi, da gyambo a baki. Wata rana da tsakar rana na kama buhu zan ɗaga, ya kayar da ni. Ina kwance cikin ƙura, mutane na jira a waje, na kasa tashi.

A nan na yi addu'a. Na ce, “Ubangiji, ka riga ka tashe ni sau ɗaya, ga ni ina kashe kaina saboda bakin mutane. Ka ba ni zuciya in faɗi gaskiya.”

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Tsoron ne kawai ya sake ni. Yabo ga Yesu!

Ran nan na gaya wa Rahila. Ta zage ni sosai, sannan ta ɗauki mayafi ta kai ni asibiti. Likita ma ya yi faɗa. Ya ce da na zo tun farko, ai akwai wani irin. Ya canza mini magani.

Ran Lahadi dattawa suka kira ni kan maganar hatsi. Na ajiye lakile bisa tebur, na ajiye robar magani kusa da shi.

Na ce, “Iyayena, ga abin da nake ci. Sida gare ni.”

Wani ya ja kujerarsa baya, na gan shi. Baba Ayuba, babbansu, ya daɗe yana kallon fuskata, kamar yau ya fara ganin ramar da ke cikinta. Ya turo mini lakilen.

Ya ce, “Ɗana, gobe ka buɗe da wuri. Mutane na jin yunwa.”

Ba zan yi muku ƙarya ba. Tumbin na nan, kumatun ba su dawo duka ba, har yau akwai wanda ba ya ba ni hannu. Amma ina raye, ina tsaye gabanku, kuma ba na ƙetare magani ko na kwana guda.

Na san cikinku akwai mai ɓoye robarsa a ƙasan akwati. In jikinka ya canza, je wurin likita, kar ka daina sha. Ka dogara ga Ubangiji. Na gode masa da ya bar ni da wannan jiki maimakon kabari. Amin.