A Buɗe Ƙofar Baya ta Asibiti

Mai girma shugaban ƙauyenmu Tihomir, Fada Serafim limamin cocinmu, nas ɗinmu Ginka, dattawa, mata 'yan uwana, da ku mazan da kuka baro bencin gaban asibiti don kun ji akwai abin ji, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni dama. Ni ce Velika matar Spas. Kun san sai da na haura hamsin na koyi karatu, saboda haka ku yi haƙuri da yadda nake bin takardar nan da yatsa.

Mijina lafiyarsa ƙalau, kullum ma haka yake cewa. Surukata Nevena tana lafiya, sai kuka. Jikata tarinta ya tafi. Ɗana Momcil ne ba lafiya, yau mako biyar.

Zan faɗi ciwon da sunansa, Fada ya gafarta mini. Gabansa ne. Ƙarƙashin loɓa ya yi ja, ya kumbura, yana ƙaiƙayi, yanzu har ruwa yake fitarwa, fatar kuma ta ƙi ja baya. Namiji mai shekara talatin da ɗaya, direban babbar mota, yana tafiya kamar wanda ya sauko daga kan jaki. Matarsa ce ta gaya mini. Na san na tona masa asiri, na kuma san zai daɗe bai yi mini magana ba. Na zaɓi fushinsa.

Da farko ina miƙa godiya ga manyan likitocin ƙauyen nan. Na gode wa mijina, wanda ya ba shi shawarar ya wanke wurin da barasarmu ta inabi, tunda da ita muke maganin haƙori da zazzaɓi da cizon kare. Momcil ya zuba, maƙwabta suka ji ihunsa. Da na yi magana, Spas ya ce mini, "Ke tsohuwa, zafin ai shi ne aikin maganin." Na gode wa Kawu Dobri, da ya ce ta bara ce ba ta da ƙarfi, a gwada tasa. Aka gwada tasa. Wurin ya saɓule.

Na biyu, na karanta takardar da ke rataye a bangon asibiti, wadda ban taɓa ganin namiji ya tsaya gabanta ba. Kwana biyu na yi ina haɗa baƙaƙen. Ta ce a ja fatar a hankali, a wanke da ruwan ɗumi kawai, a busar da wurin. Ta ce idan ya wuce 'yan kwanaki a ga likita, domin yana iya zama ƙwayar cuta, yana kuma iya zama alamar ciwon sukari. Uban Spas sukari ne ya ci ƙafarsa. A nan na daina karatun. Mu iyaye mata ma da laifinmu. Mun koya musu wanke bayan kunne, wancan wurin kuwa ko sunansa ba mu taɓa kira ba.

Na uku, shi ne abin da ya kawo ni. Likita yana zuwa ran Alhamis, sau ɗaya a mako biyu. Ƙofa ɗaya ce, benci kuma yana bakinta. Duk wanda ya zo shiga, sai kun tambaye shi, "Ɗan Spas, ina ke ciwo, sama ko ƙasa?" Ke kuma Ginka, 'yata, Allah ya ba ki murya, kina kiran suna da ciwo ta taga har masu kiwo su ji. Momcil ya rantse ba zai ratsa ta gabanku ba. Akwai ƙofar baya, amma shugaba ya jera gangunan kabejinsa mai tsami a jikinta, wai nan ne ya fi sanyi. Madalla da kabejin da ya sami ɗaki a asibiti kafin 'ya'yanmu.

Ran Litinin mai zuwa ɗana zai ja mota zuwa Jamus, sati shida a kan kujera, cikin zafi da gumi. Wannan Alhamis ita ce kaɗai ta rage masa.

Saboda haka, ya shugaba, ina roƙo a kwashe gangunan, a buɗe ƙofar, a kuma ba ni amsa kafin ƙararrawar coci ta yammacin Laraba. In ba ta zo ba, akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Tun da aka ji ina bin wannan magana, mata tara sun zo gidana a ɓoye suna tambayar me takardar ta ce, kuma ba don 'ya'yansu ba. Na rubuta sunayen mazansu da hannuna. Safiyar Alhamis zan zauna a bencinku in karanta, a hankali, yadda na iya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na fili da na ɓoye. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Ina jira, kuma na gode.